Karatun digirin injiniya a Nijeriya

Karatun digirin injiniya shi ne horon da jami'a ke bai wa ɗalibi domin ya iya tsara gini, inji, hanya ko layin lantarki bisa lissafi, ya kuma ɗauki alhakin ingancin abin da ya tsara. A Nijeriya shekara 5 ake yi, saɓanin yawancin kwasa-kwasan kimiyya da ake gamawa a shekara 4. Mai neman shiga sai ya samu kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci, lissafi, fiziks da kyamistare, sannan ya zauna jarrabawar JAMB a waɗannan darussa 4. Wanda ya zo da difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha, ko sakamakon IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a, yakan fara daga aji 2.

Asali

Tun a shekarun 1950 ake koyar da aikin injiniya a Zariya, a kwalejin da daga baya ta zama harsashin Jami'ar Ahmadu Bello. Da aka buɗe jami'ar a 1962, injiniya na cikin tsangayoyinta 4 na farko, tare da noma, shari'a da kimiyya. A farkon shekarun 1980 gwamnatin tarayya ta kafa jami'o'in fasaha a Bauchi, Owerri, Akure, Yola da Minna.

Darussan da kowa ke yi

Aji 1 shimfiɗa ce: lissafi, fiziks, kyamistare da darussan gama-gari, galibi a tsangayar kimiyya. Ainihin karatun yana farawa ne a aji 2, inda mai son gina gada da mai son aikin lantarki ke zama aji ɗaya, su yi darussa iri ɗaya. Wannan shekarar ce ta fi kowace nauyi, domin duk abin da zai biyo baya a kanta ya hau.

Lissafi ne kan gaba, kuma ba a rabuwa da shi sai kusan ƙarshen karatu. Ana farawa da kalkulas, lissafin yadda abu ke sauyawa, a wuce zuwa aljabara mai zurfi da ƙididdiga. Ɗalibin da ya tsallake kalkulas da hadda kawai zai sake cin karo da shi a kowane kwas.

Makaniks, wanda ya ginu a kan dokokin da Isaac Newton ya wallafa a 1687, yana koyar da yadda nauyi da ƙarfi ke aiki a kan abu, yana tsaye ko yana motsi. Ƙaninsa shi ne darasin ƙarfin kayan aiki, mai auna iya abin da ƙarfe, katako ko kankare zai ɗauka kafin ya lanƙwashe ko ya karye. A nan ɗalibi ke gane dalilin sa rodi cikin kankare. Kankare yana jure danni ƙwarai, amma idan aka ja shi, juriyarsa ba ta wuce kusan kashi 1 cikin 10 na wadda yake da ita a danni ba. Bim ɗin da ke kwance a kan ginshiƙai biyu, ƙasansa ne ke miƙewa idan nauyi ya hau, don haka can ake jera rodi. Barandar da ta fito waje ba ginshiƙi a bakinta kuwa, samanta ne ke miƙewa, kuma wanda ya sa mata rodi a ƙasa ya haɗa tarkon da zai iya cin rai. Ana kuma murƙushe samfurin kankare a ɗakin gwaji bayan kwana 28 da zuba shi, a tabbatar ya kai ƙarfin da aka lissafa.

Tamodainamiks ilimin zafi ne da makamashi. Dokarsa ta farko ta ce makamashi ba ya ƙaruwa ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa. Ta biyu ta ce babu injin da zai mai da dukkan zafi aiki. Dalilin ke nan da mafi yawan makamashin fetur ke fita ta salansa da lagireto maimakon ya juya taya. Darasin gudanar ruwa da iska, mai tafiya da ƙa'idar da Daniel Bernoulli ya fitar a 1738, shi ke bayyana aikin famfo, bututu da injinan madatsar Kainji. Tushen lantarki kuma dokokin Ohm ne da na Kirchhoff. Da su ake fahimtar abin da ya sa ake tura wuta nesa a kan kilobolt 330 da 132: in aka ɗaga bolt, wato ƙarfin da ke tura wutar, wutar da ke bin waya ta ragu, asarar da ke tafiya a zafi ta ragu ninkin-ba-ninkin.

Sai zanen injiniya, da hannu da kuma kwamfuta, da rubuta manhajar kwamfuta, da aikin hannu irin su walda, gugar ƙarfe da kafinta.

Rassa da horon masana'antu

Daga aji 3 kowa ke kama reshensa: gine-gine da hanyoyi, injina, lantarki, sinadarai, noma, albarkatun ruwa, ƙarafa, man fetur, kwamfuta da sadarwa. A aji 4 ɗalibi yakan bar makaranta na wata 6 ya je masana'anta ko wurin gini, ƙarƙashin SIWES, shirin koyon aiki na ɗalibai da ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu mai hedikwata a Jos, ta ɓullo da shi a farkon shekarun 1970. Shirin yana da daraja sosai, sai dai amfaninsa ya danganta da wurin da ɗalibi ya samu, kuma rufe masaƙu da sauran masana'antu a Kaduna da Kano ya rage guraben da ake koyon aiki na gaske. A aji 5 ana ƙara darussan tattalin arziki, gudanarwa da dokar kwangila, sannan kowane ɗalibi ya yi aikin bincike ko ƙira ya kare shi a gaban malamai.

Sa ido da rajista

Hukumomi 2 ne ke tantance karatun. NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ke fitar da mafi ƙarancin abin da za a koyar. Tsarin da ta ƙaddamar a 2022 ya tsayar da kashi 70 cikin 100 na manhajar, ya bar wa kowace jami'a 30. COREN, majalisar kula da aikin injiniya wadda dokar soja mai lamba 55 ta 1970 ta kafa, ita ke duba malamai, ɗakunan gwaji da kayan aiki, kuma ita ke yi wa injiniyoyi rajista. Digiri kaɗai ba ya ba mutum ikon sa hannu a kan zanen aiki. Sai ya ƙara aƙalla shekara 4 yana aiki a fagen, ya kuma tsallake tantancewar majalisar. A 2023 COREN ta samu gurbin wucin-gadi a Yarjejeniyar Washinton ta 1989, wadda ƙasashen da ke cikinta ke amincewa da digirin injiniyan juna.