Fatsar kifin bas lokacin kaka a tafkin Guntersville

Guntersville tafki ne na dam a arewacin jihar Alabama ta Amurka, a kan kogin Tennessee, kuma shi ne mafi girma a jihar. Hukumar TVA, mai kula da kogin Tennessee da samar da wutar lantarki, ce ta gina dam ɗin, ta gama a 1939, ruwan ya malale wajen eka 69,000, tsawonsa kuma ya kai mil 75 tun daga dam ɗin Nickajack da ke sama. Kifin da ya yi masa suna shi ne bas mai faɗin baki, wanda 'yan fatsa ke kamawa da koton bogi na roba ko na ƙarfe, yawanci ma su auna shi su mayar ruwa. Sau uku ana yin babbar gasar Bassmaster Classic a nan, 1976 da 2014 da 2020.

Yanayin ruwan daga Satumba zuwa Nuwamba

Farkon Satumba ruwan yana nan da zafinsa na bazara, yakan kusa digiri 30 a ma'aunin Selsiyas, kuma masu zuwa tafkin sun san wannan shi ne lokacin da ya fi ba da wahala, don kifin ya warwatse, wani na cikin ciyawa wani na bakin kwarin kogi, ka wuni kana jifa ba ka samu na kirki ba. Sai dare ya fara sanyi, zafin ruwan ya sauko wajen digiri 20, sannan abubuwa su fara motsi.

Abin da ke juya komai shi ne ƙananan kifayen nan farare da ake kira shad, su ne abincin bas. Da ruwa ya huce sai su taru garke-garke su nufi cikin rafukan da ke zuba a tafkin, irin su Town Creek da North Sauty da South Sauty da Browns Creek, suna bin ƙananan halittun da suke tacewa a ruwa, bas kuma na biye da su. Shi ya sa gogaggen ɗan fatsa ba ya fara tambayar ina bas yake, ina shad suke yake nema, ko ya gan su suna fantsama a saman ruwa, ko ya ga zalɓe da sauran tsuntsaye sun taru waje ɗaya, ko na'urar jirginsa ta nuna masa su.

A tafkuna masu zurfi kaka na zuwa da juyewar ruwa, na sama ya yi sanyi ya nutse, na ƙasa marar iska ya taso, kifi ya daina ci na kwanaki. Guntersville bai cika fama da wannan ba, don ba shi da zurfi sosai kuma kullum ruwa na ratsa shi. Gudun ruwan ma ya fi muhimmanci: in TVA ta kunna injinan lantarki na dam ruwa ya ja, sai bas ya tsaya bayan tudu ko gindin gada yana jiran abin da ruwa zai kawo, in aka kashe kuma sai ya yi lakwas.

Ciyawa da kwaɗon roba

Nan ne Guntersville ya bambanta da sauran. Ciyawar ruwa ce cike da shi, haidirila da milfoyil da wata mai dogon ganye kamar kirtani da ta yaɗu sosai a shekarun baya-bayan nan. Zuwa ƙarshen bazara ciyawar ta kai saman ruwa ta kwanta ta yi tabarma, gansakuka mai ruwan ɗorawa ta rufe ta, ƙarƙashi kuma akwai rami da inuwa inda manyan bas ke fakewa. Koton da ke bin kan wannan tabarma ba ya maƙalewa shi ne kwaɗon roba mai holoƙon ciki, ƙugiyoyinsa biyu sun kwanta a bayansa. Ana jefa shi can nesa a riƙa jan sa a hankali ana tsayawa, kifin ya faso ciyawar daga ƙasa ya cafke. Kuskuren sabon shiga shi ne fizge sanda da jin ƙarar, alhali sai an ɗan dakata an ji nauyin kifin tukuna, in ba haka ba kwaɗon ne kawai zai dawo maka. Zare kuma dole saƙaƙƙe mai ɗaukar fam 50 zuwa 65 da sanda mai tauri, don kifi ne za a jawo tare da damin ciyawa.

Ba kowace tabarma ke da kifi ba fa. Ana duba wadda ke da ramukan da kifi ya fasa, ana kuma kasa kunne a ji ƙananan kifi na tsotsar ƙwari a ƙasanta. In sanyi ya ƙaru ciyawa ta fara ruɓewa tana cinye iskar ruwan, sai kifi ya koma inda ta rage kore shar.

Sauran koto

Da asuba da yamma koton saman ruwa ke aiki, mai farfela da ke yin ƙara ko mai tafiyar karkace. A gefen ciyawa kuma ana amfani da mai faranti mai juyawa, musamman ranar iska, da mai ƙananan ƙarafa masu ƙara a ciki irin Rat-L-Trap, wanda ake bari ya taɓa kan ciyawa sai a fizge shi, a daidai fizgar nan kifin ke kai hari. Launi fari ko na azurfa, girman kuma ya yi daidai da shad na lokacin, waɗanda yawanci ƙanana ne. Can ƙarshen Nuwamba da ruwa ya yi sanyi sosai sai a koma koton da ke tsayawa cak a tsakiyar ruwa, a ja sau biyu a dakata.

Akwai kuma Alabama Rig, wayoyi biyar a kai ɗaya kowace da kifin roba, ya yi kama da ƙaramin garken shad. A Oktoban 2011 ɗan fatsa Paul Elias ya ci gasar ƙungiyar fatsa ta FLW a wannan tafki da shi, jimillar nauyin kifayen da ya kama cikin kwana huɗu ta haura fam 102, a lokacin da sauran ke ta fama da ciyawa shi yana jifa wajen gadoji inda kifin ke tsaye a tsakiyar ruwa. Nan da nan kowa ya ruga saya, har ƙungiyar B.A.S.S., mai shirya gasar Bassmaster, ta hana amfani da shi a gasarta ta ƙwararru mai suna Elite a 2012. Doka ma ta bambanta, Alabama ta bar ƙugiya biyar, jihar Tennessee uku kawai, don haka wanda ya haura ɓangaren tafkin da ke cikin Tennessee sai ya rage.

Tun da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, na'urar da ke nuna motsin kifi a cikin ruwa kai tsaye, a 2018 da yawa sun bar ciyawa sun koma bin kifin da ke yawo bayan shad a fili, suna kallon sa a allo suna jefa masa ɗan kifin roba a gaban hanci. Tsofaffin hannu na ƙorafi wai wannan ba fatsa ba ce wasan kwamfuta ne, amma gaskiya a Satumba da ciyawa ta ƙi ba da kifi, shi ke cika jirgi.