Idan ungozoma ta ce "jininki ya hau"

A wurin awon ciki, ko a Asawase ko a Aboabo cikin Kumasi, ungozoma takan ɗaura wa mace abin awo a damtse, ta rubuta lamba biyu a littafinta, ɗaya bisa ɗaya. In ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, aka sake gwadawa bayan wasu sa'o'i ba ta sauka ba, to jini ya hau. Wata da abinta ta shigo cikin. Wadda aka fi ji wa tsoro ita ce wadda nata ya taso bayan mako 20, musamman in an ga furotin a fitsarinta. Shi ya sa ake ba ki 'yar kwalba a kowane zuwa, Hajiya, kada ki raina ta.

Tushen abin yana mabiyiya. Idan jijiyoyin da ke kai mata jini ba su buɗe sosai ba, sai jinin uwa ya yi ta hauhawa, ƙoda da hanta su wahala, jariri kuma abincinsa ya ragu. Ya kan zo ƙarami ko bakwaini, wani lokaci mabiyiya ta ɓalle kafin haihuwa. Mai cikin fari, mai tagwaye, mai ciwon suga da wadda ta haura shekara 40 sun fi shiga hatsarin.

Yawanci ba ya ciwo, nan ne yaudararsa. Amma ciwon kai da ya ƙi jin magani, gani dishi-dishi, zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, fuska da hannu su kumbura har zobe ya ƙi fita, waɗannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Daga nan sai jijjiga, wadda a Zango har gobe wasu ke cewa iska ce, a kama turare da rubutu. Addu'a a yi ta a cikin mota, a nufi asibiti. A asibitin Komfo Anokye na Kumasi da sauran manyan asibitoci akwai allurar magnesium sulphate mai tsayar da jijjigar, kuma tun 2008 kula da masu ciki kyauta ce ƙarƙashin inshorar lafiya ta Ghana.

Sauka lafiya ba ta rufe maganar. Jini na iya hawa har mako 6 bayan haihuwa, daidai lokacin da iyaye ke ɗura wa mai jego kunun kanwa, alhali kanwa 'yar'uwar gishiri ce. Duk wadda aka taɓa ce wa jininta ya hau, a gwada ta tun kafin ranar suna.