Wata halitta ta ɓullo a tankin murjanina: tambayoyi da amsoshi

Masu ajiye kifin ruwan gishiri da murjani a Kano ba mu da yawa, amma tambayoyin nan kan ƙananan halittun da ke ɓullowa a tankin murjani mai rai kullum sai an maimaita mini su. A karanta kafin a sake kirana.

Ban saye ta ba, daga ina ta shigo?

Cikin dutsen teku ko gindin murjanin da aka kawo maka daga Legas. Ƙwai ne ko 'yar ƙarama ta maƙale a rami, ta girma a hannunka.

In kashe ta?

Haba Malam! Ba ka san mece ce ba, har ka ɗauko hantsaki? Yawancinsu gansakuka suke ci, shara suke yi maka kyauta.

Kamar dodon koɗi take, ga sauri, amma ban ga kwanso ba.

Sake dubawa. In akwai ɗan kwanso shimfiɗaɗɗe mai siffar kunne a bayanta, Stomatella ce. Ba ta cika wuce santimita 3 ba, da dare take kiwo. In an takura mata takan yar da ƙarshen jikinta kamar yadda tsaka ke yar da jela. Kwantar da hankalinka, ba ta taɓa murjani.

Me ya sa sai an ɗauke wuta nake ganinsu a jikin gilashi?

Duhu suke so, kuma in famfon tanki ya tsaya iskar cikin ruwa na raguwa, sai su hauro sama. Wannan ne abin da ya kamata ya dame ka. Murjani na son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 26, mu kuwa da bazara muna kai 40. Nemi famfon iska mai batir tun kafin Maris.

To yaya zan gane mai cin murjani, kuma me zan yi?

Nan ne sai an yi haƙuri, don kamanni kaɗai ba ya yanke hukunci. Fara da inda take zama. Wadda ke yawo kan gilashi da dutse galibi gansakuka take nema. Wadda ta lafe a kan murjani iri ɗaya, ga wurin yana fari ko ya ƙi buɗewa, ita ce abar zargi.

Sai siffa. Mai kwanso kamar malfa da huda a tsakiya, ko baƙar nan Scutus da nama ya lulluɓe farin kwansonta, yawanci ba su da matsala, amma akwai masu lasar murjani, musamman in gansakuka ta ƙare. A sa musu ido dare biyu ko uku da jar tocila. Koriya mai gefe kamar ganyen latas, wato Elysia, ruwan gansakuka take tsotsa. Marar kwanso sam, mai ƙahonni biyu da tsirarraki a baya, ita ake kira nudibranch, kuma kusan kowane nau'insu yana da nasa abincin guda ɗaya da ya sani. Akwai 'yan farare da ba su wuce 'yan milimita ba masu cinye Montipora, wani nau'in murjani mai tauri, akwai masu cin zoanthid, wani nau'in murjani mai laushi, har su ɗauki launinsa. Sai dai Berghia, wata nudibranch, ita ma haka take kama, alhali ita Aiptasia take ci, wata halitta mai harbin murjani, har kuɗi ake sa wa a saye ta. Shi ya sa nake cewa a ga abin da take ci tukuna.

In ta tabbata mai ɓarna ce, zuƙe ta da sirinji, ka ciro murjanin ka tsoma shi a maganin wanke murjani. Maganin ba ya kashe ƙwai. Duba ƙasan murjanin, ka kankare duk ƙwan da ka gani, sau da yawa a nannaɗe suke. Maimaita duk mako har wata guda ko fiye, a tanki na daban in da hali. Ko da haka suna iya dawowa.

Da hannu zan cire ta?

Kul! Wasu zoanthid da danginsu Palythoa na ɗauke da dafin palytoxin, mai cin su ma na iya ɗauka. Sa safar hannu, kare idonka, kada kuma ka tafasa dutsen.

Maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki fa?

A'a. Zai kashe murjanin da jatan landen da dodon koɗin duka, dutsen kuma ya shanye shi.

Ga hoto, duba mini.

Hoton da aka ɗauka a shuɗin hasken tanki ba ya nuna komai. Saka ta a farin kwano da ruwan tankin, ajiye rula a gefe, ka ɗauka daga sama cikin hasken rana.