Waiwaye: Yadda Mai Aikin 'Yan Kwanaki Ya Samu Rabo a Kuɗin Ranar Hutu

Mace ce tana aiki Laraba, Alhamis da Juma'a. Abokiyar aikinta ita ma kwana uku take yi, sai dai nata Litinin zuwa Laraba ne. Aiki ɗaya, albashi ɗaya. Amma idan shekara ta zagayo, sai a tarar ta biyun ta yini a gida sau da dama ana biyanta, ta farkon kuwa ko oho. Dalili kawai shi ne yawancin ranakun hutun ƙasarsu Litinin suke faɗawa.

Wannan matsala ta Litinin tsohuwa ce. A 1871 majalisar Birtaniya ta zartar da dokar hutun bankuna, wadda Sir John Lubbock ya gabatar. Ta ware wa Ingila kwana 4, uku daga ciki Litinin ne, na huɗun shi ne washegarin Kirsimeti. Dokar ta shafi rufe bankuna ne da ɗage biyan bashi zuwa washegari. Ba ta ce uffan a kan albashin ma'aikaci ba. Ga mai cin kuɗin yini, rufe ƙofar ma'aikata asarar yini guda ce, ko da an kira ta hutu.

Hutu da biya ya zo daga baya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kansa a 1936, ta sabunta ta a 1970, inda ta ce kada a cusa ranakun hutun ƙasa cikin mafi ƙarancin hutun shekara na ma'aikaci. Sai dai duk waɗannan dokoki an ɗinka su ne daidai jikin mutum ɗaya: namiji mai fita aiki tun farkon mako har ƙarshensa. Mai zuwa kwana biyu ko uku kallon ɗan taya aiki ake yi masa, kuma mafi yawan masu irin wannan aiki mata ne da ke haɗa shi da raino.

Ta nan ƙofa ta buɗe. A 1986 Kotun Turai ta yanke hukunci a kan ƙarar wata mata da ta yi aiki a kantin Bilka na Jamus, wanda ya gindaya wa masu taƙaitaccen lokaci sharaɗi mai tsauri kafin su shiga tsarin fanshonsa. Kotun ta ce tauye irin waɗannan ma'aikata na iya zama wariya ga mata a fakaice, muddin kamfani bai kawo ƙwaƙƙwarar hujja ba. Shari'ar fansho ce, amma hujjarta ta bi sauran haƙƙoƙi ɗaya bayan ɗaya. A 1994 Ƙungiyar Ƙwadago ta fitar da yarjejeniya ta 175, wadda ta ambaci ranakun hutun ƙasa da sunansu cikin abin da ya wajaba a daidaita. A 1997 Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idar kowa ya samu gwargwadon lokacin da yake aiki, Birtaniya kuma ta mai da ita doka a 2000.

A takarda magana ta ƙare. A wurin aiki kuwa, Litinin tana nan daram. Wani ma'aikacin kamfanin Capita a Sikotilan, mai aiki Laraba zuwa Juma'a, ya kai ƙara saboda ba a ba shi madadin hutun da ke faɗawa Litinin. A 2007 kotu ta kori ƙararsa. Hujjarta ita ce kamfanin yana aiki kwana bakwai a mako, kuma ko cikakken ma'aikaci ne, in ba ya zuwa ranar Litinin haka za a yi masa. A ganina hukuncin ya bi harafin doka ya bar ruhinta, domin wanda ke zuwa kwana uku ya fi mai kwana biyar yiwuwar kuskure ranar nesa ba kusa ba.

Gyaran da Birtaniya ta yi ta wata hanya ya biyo. Ta ƙara hutun shekara daga mako 4 zuwa mako 5.6 a mataki biyu, a 2007 da 2009, wato kwana 28 ga mai aikin kwana biyar, don ya haɗiye ranakun hutun bankuna 8. Mai kwana uku yana da kwana 16.8, ko da bai taɓa taka ofis ranar Litinin ba.

Sauran ƙasashe kowa da kiwon da ya karɓe shi. A Niyu Zilan, dokar 2003 tambaya ɗaya take yi: da ba hutu ba ne, za ka yi aiki a ranar? In e, a biya ka. In a'a, babu. Amurka ba ta tilasta wa kamfanoni masu zaman kansu biyan kowa kuɗin ranar hutu a dokar tarayya, sai abin da aka yi yarjejeniya a kai.

Tsarin da ya fi kwanta mini shi ne wanda ya daina kallon sunan rana ya koma kallon gumi. A lardin Ontariyo na Kanada, ana tara abin da ma'aikaci ya samu a makonni 4 kafin hutu, a raba gida 20, abin da ya fito shi ne kuɗin ranar. Ƙasar Ayalan ma ta kama hanya a dokarta ta 1997: wanda hutu ya faɗa a ranar da ba ta aikinsa ba, ana ba shi kashi ɗaya cikin biyar na albashin makonsa. Amma akwai sharaɗi, sai ya yi aƙalla awa 40 a makonni 5 da suka gabaci hutun, wato awa 8 ke nan a mako. Mai shara da ke zuwa awa uku ranar Talata da awa uku ranar Juma'a, awa 30 kawai za ta tara a wannan tsakani, don haka ba ta da ko sisi.