Ruwa na shiga jirgina: daga ina, kuma yaya zan kula da ƙafar injin?

Wane irin inji ake magana a kai?

Yawancin jiragen fito a Kogin Kwara da Binuwai injin rataye suke amfani da shi, wanda ake maƙalawa a baya. Wannan daban ne. Injin yana zaune a cikin jirgi kamar na mota, ƙafarsa mai ɗauke da giya da farfela kuma tana waje, an haɗa su ta wani rami a bangon baya. Masu sana'ar na ce masa sitandiraif. Kamfanin Volvo Penta na ƙasar Suwidin ya fito da nasa a 1959, MerCruiser na Amurka ya biyo a 1961. Wannan ramin na bangon baya yana dab da ruwa, roba ce kawai ke tsare shi.

Na ga ruwa a ƙasan jirgi. Me zan fara yi?

Kada ka fara da kwance komai. Ka kwashe ruwan tas, ka goge wurin ya bushe ƙayau, ka shimfiɗa busassun tsummoki a bayan inji. Sai a saka jirgin a ruwa ba tare da an tayar da inji ba, ka durƙusa da tocila kana kallo. Idan ruwa ya fara tsattsafowa a haka, daga waje yake: matoshin ramin zubar da ruwa, ko robobin ƙafa, ko jikin bangon. Idan sai an tayar da inji yake zuwa, to ka bi tiyo-tiyon sanyaya inji da kilif ɗinsu. Ka taɓa ruwan ma. Mai ɗumi daga inji ya fito.

A fara da matoshin nan. Abin tausayi ne mutum ya biya kuɗin kwance ƙafa, alhali robar matoshi ce ta lalace.

Me ya sa makanikai ke yawan zargin robobin ƙafa?

Saboda su ne ke nutsar da jirgi yana ɗaure, mai shi yana barci a gida. Roba ce mai ninki-ninki kamar robar shaf ta mota. A yawancin ƙafafun MerCruiser guda uku ce: babba mai rufe sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafa, ƙarama ta wayar giya, da ta hayaƙi. Biyun farko su ne masu shigo da ruwa. Rana da shekaru kan busar da su, su tsage a cikin ninkin, inda ido ba ya kaiwa.

Ka fitar da jirgin kan tirela, ka ɗaga ƙafar, ka karya sitiyari har ƙarshe. Ka sa yatsa kana buɗe ninkin ɗaya bayan ɗaya. In ka ga ƙananan tsagu kamar faso a diddige, ko robar ta yi tauri, a canza. A ganina gara a canza ukun gaba ɗaya, tunda wahalar cire ƙafar guda ce. Idan babbar ta jima da fashewa, boris ɗin da sandar ke juyawa a ciki ya riga ya sha ruwa. Za ka ji yana gurnani lokacin da kake shan kwana.

In za a ajiye jirgi, a sauke ƙafar ƙasa. Barinta a ɗage wata da watanni yana miƙe robar.

Man giya ya koma fari kamar madara. Lafiya?

Ba lafiya ba, ruwa ya shiga. Sau da yawa zaren kamun kifi ne ya nannaɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare mai. Ka cire farfela ka duba. Man nan ana canza shi duk shekara ko bayan awa 100 na aiki, kuma ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta sama, don kada iska ta maƙale.

Me kuma ya kamata in riƙa dubawa?

Ƙaramar farfelar roba ta famfon sanyaya inji. A samfurin Alpha One na MerCruiser tana cikin ƙafar ne. Kada ka kuskura ka tayar da inji a tudu ba ruwa, cikin daƙiƙoƙi za ta ƙone.

Sai guntayen ƙarfen da ake ɗaura wa ƙafa don tsatsa ta cinye su maimakon ita. Zinki na ruwan gishiri ne, maganiziyam na ruwan daɗi kamar tafkin Kainji, alminiyom kuma ya dace da ruwa mai gauraye irin na gaɓar Legas. In rabi ya cinye a sa sabo, kuma ba a shafa musu fenti.

Idan bangon bayan ne ya ruɓe fa?

Jirage da yawa katako ne a tsakiyar bangon. Ka ƙwanƙwasa da ƙotar sukundireba: lafiyayye yana ƙara tsaf, ruɓaɓɓe kuma sautinsa a mace yake. Ka danna ƙafar da ƙarfi, in bangon ya motsa tare da ita, kada jirgin ya sake ɗaukar kowa sai an gyara.