Waiwaye: Yadda Kwaddibuwa ta fita daga yaƙin basasa, da abin da ya rage

Duk wanda ya taso a Maraɗi ya san sunan Abijan tun yana yaro. Samari na tafiya can cirani, shanu da albasa na gangarawa, goro na hawowa. Shi ya sa yaƙin basasar Kwaddibuwa ya taɓa gidaje a nan. Akwai waɗanda suka dawo hannu rabbana, suka bar shago da bashin da ba mai biyan su.

Tushen rikicin ya girmi harbin farko da shekaru. Shugaba Félix Houphouët-Boigny ya buɗe wa baƙi ƙofa don noman koko da kofi, bisa manufar cewa gona ta wanda ya raya ta ce. Ƙidayar 1998 ta nuna kusan ɗaya cikin huɗu na mazauna ƙasar baƙi ne. Kafin ya rasu a Disambar 1993 farashin koko ya faɗi, fili ya yi kaɗan, sai 'yan siyasa suka taso da tambayar wane ne ɗan ƙasa na asali. A zamanin magajinsa Henri Konan Bédié maganar ta yi ƙarfi. Dokar filaye ta 1998 ta hana baƙo mallakar gona, tsarin mulkin 2000 kuma ya ce sai wanda uwa da uba duk 'yan ƙasa ne zai nemi shugabanci, aka toshe wa Alassane Ouattara, tsohon firaminista ɗan arewa da ake shakkar asalin iyayensa, hanya. A shingen kan hanya jandarma zai karɓi kati ya duba suna. In sunan arewa ne, ko da a ƙasar aka binne kakan mutum, sai a sauke shi daga mota, ya tsaya a rana yana rantsuwa, ko ya ba da na goro.

Ranar 19 ga Satumban 2002 sojoji suka yi tawaye, ƙasa ta rabu biyu, Buwake ta zama hedikwatar 'yan tawaye. Yarjejeniyar Marcoussis a Faransa, a 2003, ba ta riƙe ba. Ta Wagadugu, a Maris 2007, ta mai da madugun 'yan tawaye Guillaume Soro firaminista, kuma ranar 30 ga Yuli shi da shugaban ƙasa na lokacin Laurent Gbagbo suka cinna wa tarin bindigogi wuta a filin wasan Buwake, kamar yadda muka yi a Agadas a 2000. An ƙone bindigogi, amma ba a taɓa maganar gona ba. Zaɓen 2010 ya sake tayar da wutar, Gbagbo ya ƙi yarda Ouattara ya kayar da shi, kimanin mutum 3,000 suka mutu kafin a kama Gbagbo ranar 11 ga Afrilun 2011. Mu ma mun zubar da jini a aikin raba faɗan: a Yunin 2012 an kashe sojojin Nijar bakwai na rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a wani kwanton ɓauna kusa da garin Taï a yammacin ƙasar. Allah ya jiƙansu.

Gwamnatin Ouattara ta sa ƙarfinta a kan gini. Tattalin arziki ya riƙa haɓaka da kusan kashi 8 cikin ɗari a shekara daga 2012 zuwa 2019, an buɗe gada ta uku a Abijan a 2014. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma 'yan cirani sun gani da idonsu. Sulhu ne ya yi ɗingishi. Hukumar gaskiya da sasantawa ta Charles Konan Banny ta saurari dubban mutane, amma rahoton da ta miƙa a 2014 sai a 2016 aka fitar da shi. Shari'a ta fi hawa kan ɓangaren da aka kayar, alhali ɗaruruwan da aka kashe a Duékoué a Maris 2011, lokacin da dakarun Ouattara suka kama garin, danginsu na nan suna jiran gaskiya. A 2017 tsofaffin 'yan tawaye 8,400 da aka shigar aikin soja suka yi bore, aka amince a ba kowanne sefa miliyan 12. A ganina babu abin da ya fi wannan ciwo: mai bindiga ya karɓi nasa cikin watanni, matar da aka kashe wa miji tana ta yawo da takardu.

An ɗan gyara daga baya. Tsarin mulkin 2016 ya sassauta sharaɗin iyaye, an yi wa mutum kusan 800 afuwa a 2018, kotun duniya da aka gurfanar da Gbagbo a gabanta ta wanke shi, ya koma gida a Yunin 2021. Duk da haka zaɓen 2020 ya ci rayuka 85 bisa ƙidayar gwamnati.

Mutumin jihar Maraɗi ba ya bukatar a fassara masa rikicin fili, don ba mu manta da Toda ba, inda fiye da mutum 100 suka hallaka a 1991 kan saɓanin manoma da makiyaya. A Kwaddibuwa an kafa hukumar filayen karkara a 2016 don shata iyakokin ƙauyuka da ba da takardun gona. Aikin na tafiyar hawainiya, kuma har yanzu mafi yawan gonaki ba su da takarda. A yammacin ƙasar, wanda ya gudu lokacin yaƙi yakan dawo ya tarar da wani ya dasa koko a gonarsa, kowannensu kuma na da shaidunsa.