Raspberry Pi ta kama wuta amma hoto bai fito ba: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan sun taru ne daga 'yan'uwa mazauna Saudiyya, yawanci ɗalibai a Madina da masu shaguna a Jidda da Makka, waɗanda suka sayi Raspberry Pi don koyon rubuta manhaja, ko nuna farashin kaya a talabijin ɗin baƙala, wato kantin kayan masarufi, ko lokutan salla a musalla. 'Yar ƙaramar kwamfuta ce da ba ta wuce girman katin banki ba, duk kayanta a kan faranti guda. A Kambirij ta Ingila aka ƙirƙiro ta, ta shiga kasuwa a 2012. Kukan da aka fi kawowa a kanta ɗaya ne: an jona komai, fuskar talabijin baƙi ƙirin.

Malam, na jona wuta da wayar hoto ta HDMI, talabijin ta rubuta babu sigina. Ta ƙone ke nan?

Da wuya. Baƙar fuska ba ta faɗin inda ciwon yake, don haka kafin ka taɓa komai ka rarrabe abu biyu: ko Pi ɗin ba ta tashi ba sam, ko ta tashi lafiya hoton ne bai isa talabijin ba. Maganinsu daban ne, kuma 'yan fitilun da ke gefen farantin su za su gaya maka wanne ne.

A Pi 3 da Pi 4 fitilu biyu ne. Ja ta wuta ce, ya kamata ta tsaya cak ba ƙiftawa. Koriya tana nuna ana karanta katin memori, wanda manhajar kwamfutar take ciki. Idan ka kunna ka ga koriyar tana ƙyalƙyali ba tsari na ɗan lokaci sannan ta lafa, to kwamfutar ta tashi, sai ka koma wajen waya da talabijin. Idan kuwa tana ƙiftawa a jere, ta tsaya, ta maimaita adadin, saƙo take ba ka, sai ka ƙirga. Huɗu na nufin ba ta sami fayil ɗin farko na tashi a katin ba. Bakwai na nufin ba ta sami zuciyar manhajar ba. Duk biyun laifin kati ne, babu ruwan HDMI. Pi 5 fitila ɗaya gare ta kusa da maɓallin kunnawa, tana sauyawa daga ja zuwa kore.

Mai Pi 4 ko Pi 5 yana da gwaji mai sauƙi. Kashe ta, zare katin gaba ɗaya, ka kunna ta haka nan. Za ta fito da shafin bincike a talabijin, rubutu birjik yana cewa ba ta sami abin tashi ba. Ganin wannan shafin kaɗai ya wanke wayarka da raminka da talabijin ɗinka, sauran tuhuma ta koma kan kati.

Koriyar ta nuna ta tashi, amma har yanzu duhu. Ina zan duba?

Fara da rimot. Talabijin mai ramukan HDMI uku ba ta sanin wanne kake nufi sai ka zaɓa mata, kuma sau da yawa maganar a nan take ƙarewa.

Sai ramin Pi ɗin kansa. Tun daga Pi 4, wadda ta fito a Yunin 2019, ramukan hoto biyu ne ƙanana. Wanda ke maƙwabtaka da ramin wuta shi ne HDMI0, shi ne babba a cikinsu, a nan za ka sa wayarka idan fuska ɗaya kake amfani da ita. Ka kula da suna lokacin saye: Pi 4 da Pi 5 micro-HDMI suke ci, Pi Zero mini-HDMI, Pi 3 kuma babban kan da kowa ya sani. Micro da mini ba sa shiga ramin juna, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne.

Ga wani abu da ido ba ya saurin kamawa. Akwatunan roba masu araha suna da kauri a bakin ramin, su kuma adaftocin nan masu ƙaton kai sai su tokare da robar kafin ƙarfen ya shige duka. A hannu za ka ji kamar ya zauna, amma in ka karkata ta wajen haske za ka hango ɗan farin ƙarfe a waje, kaurin farce. Wannan ɗan gibin ya isa ya hana hoto. Cire farantin daga akwatin ka gwada shi tsirara. Ni dai ban son adafta a nan. Waya guda mai micro a kai ɗaya da babban HDMI a ɗaya kan ta fi kwanciyar hankali, don nauyin adafta yana girgiza ramin har ya sassauta.

Daga ƙarshe, kunna talabijin tukuna, sannan Pi. Lokacin tashi Pi tana tambayar fuskar irin girman hoton da take iya ɗauka, fuskar ta amsa da wani ɗan bayani da ake kira EDID. In talabijin tana kashe a lokacin, babu mai amsawa.

Da cajar wayata nake kunna ta, kuma babbar caja ce mai 65W. Me zai sa hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa?

Alhaji, wannan 65 ɗin ba naka ba ne. Cajojin sauri suna kai wannan adadi ne idan sun ɗaga ƙarfin wutar zuwa 9V ko 20V don waya ko laftof. Pi ba ta karɓar komai sai 5V, kuma a kan 5V ɗin wata cajar 2A kawai take bayarwa. Juya cajar ka karanta ƙananan rubutun, layin da ya fara da 5V shi ne ya shafe ka. Pi 3 tana son 2.5A, Pi 4 tana son 3A, Pi 5 kuma an yi mata caja ta musamman mai 5A, wadda ake sayarwa da sunan 27W. Pi 5 ɗin tana tashi da mai 3A, sai dai ta rage wutar da take bai wa ramukan USB.

Ko cajar ta cika, siririyar waya mai tsawo tana shanye wutar a hanya. Da zarar abin da ya iso farantin ya faɗi ƙasa da 4.63V, Pi tana ɗaukarsa a matsayin ƙarancin wuta: jar fitilar Pi 3 da Pi 4 ta ɗauke, tsofaffin manhajoji su nuna alamar walƙiya a kusurwar fuska, sababbi su rubuta gargaɗi. In kana iya shiga wurin rubuta umarni, buga vcgencmd get_throttled. Amsar 0x0 lafiya lau ce. 0x50000 na nufin wutar ta taɓa faɗuwa tun da aka kunna, 0x50005 kuma yanzu haka tana ƙasa.

Kada ka ɗauko mata wuta daga ramin USB na bayan talabijin, yawancinsu rabin amfiya suke bayarwa. Sannan soket ɗin gidaje a nan Saudiyya mai baki uku ne irin na Ingila. Cajar mai baki biyu da aka cusa ta cikin adafta mai lilo tana yanke wuta da an ɗan taɓa tebur. Masu Pi 4 ta farkon fitowa su san cewa an yi kuskure a ramin wutarta, wasu wayoyin USB-C masu tsada, irin na laftof, ba sa ba ta wuta ko kaɗan. An gyara a bugun da ya biyo baya, kuma wayar caja ta gama-gari tana yi mata aiki.

Wani murabba'i mai launuka kamar bakan gizo ya fito ya tsaya, ba gaba ba baya.

Wannan albishir ne ta wani ɓangare, domin hoto yana isa talabijin. Gwajin launi ne da ke bayyana na daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin babbar manhaja ta karɓi ragama. In ya tsaya, manhajar ce ta kasa tashi: katin ya lalace, ko abin da ke kansa ya girmi farantin, ko wuta ta gaza. Kada ka ciro kati daga tsohuwar Pi ka sa a sabuwa ka zaci zai yi. Kowane bugun babbar manhajar da sunansa: Pi 4 tana buƙatar Buster ta 2019 ko abin da ya biyo bayanta, Pi 5 kuma Bookworm ta 2023 zuwa sama. Sake rubuta katin da Raspberry Pi Imager, manhajar da ake ɗora wa kati babbar manhaja da ita. In ya sake yi, canza kati, don jabun memori sun yi yawa a kasuwa.

Na bi bayanin intanet na sa hdmi_safe=1 da hdmi_force_hotplug=1 a config.txt, ko gezau. Me na ɓata?

Ba ka ɓata komai ba, bayanin ne ya tsufa. Wannan ita ce tambayar da ta fi cinye wa ɗalibai dare, don haka bari in ɗan tsaya a kanta.

A da, wata ƙaramar manhaja ta cikin farantin ce ke kula da hoto, kuma daga config.txt, fayil ɗin saiti da ke kan katin, take karɓar umarni. Shi ya sa tsofaffin rubuce-rubuce suka cika da hdmi_group da hdmi_mode da config_hdmi_boost. Daga fitowar bugun Bullseye a ƙarshen 2021 aka miƙa aikin ga Linux kanta, wato babbar manhajar, ta tsarin da ake kira KMS. Buɗe config.txt ɗinka; in ka ga layin dtoverlay=vc4-kms-v3d, to a sabon tsari kake, kuma da zarar Linux ta tashi ba ta waiwayar waɗancan layukan. Alamar da ke tona wannan ita ce hoto ya fito a farkon tashi, sannan ya ɓace daidai lokacin da ya kamata a ga tebur ɗin aiki.

A sabon tsari, wani fayil ɗin mai suna cmdline.txt ake gyarawa. Zare katin ka sa a laftof, ko mai Windows ce za ta ga ɓangaren da fayil ɗin yake. Je ƙarshen layin da ke ciki, bar tazara ɗaya, ka ƙara video=HDMI-A-1:1280x720@60D. HDMI-A-1 shi ne ramin HDMI0, HDMI-A-2 ɗaya ramin. Lambobin girman hoto ne, na zaɓi 1280x720 don kusan kowace talabijin tana ɗaukarsa. In ya fito sai ka gwada 1920x1080. Harafin D na ƙarshe shi ke tilasta mata tura hoto ko ba ta ji motsin fuska ba. Sharaɗi ɗaya: duk abin da ke cikin cmdline.txt layi guda ne tal. In ka sauka sabon layi, abin da ka rubuta a ƙasa ba za a karanta shi ba.

Wurin fayilolin ma ya sauya. Daga Bookworm suna cikin /boot/firmware, ba /boot ba. Haka umarnin tvservice ya daina aiki a KMS, kmsprint ne zai nuna maka abin da aka gano a kowane rami. Duk bayanin da ka samu a intanet, duba shekarar da aka rubuta shi kafin ka kwafa.

Tsohuwar monita mai ramin VGA na samo a haraj, kasuwar gwanjo. Za ta yi?

Za ta yi, amma waya zalla ba ta isa ba, domin yaren HDMI daban da na VGA. Sai da 'yar na'urar juyawa mai aiki da wuta, kuma ka nemi wadda ke da ramin caja nata na kanta, don masu zuƙar wuta daga HDMI suna yawan ɗaukewa. Irin waɗannan na'urori ba su cika isar da EDID daidai ba, saboda haka ka sa girman hoton da hannu kamar yadda na nuna a sama, ka fara da 1024x768. In monitar tana da ramin DVI, bi ta nan, waya kawai yake buƙata, sai dai ba sauti.

Hoton ya fito amma gefunansa sun yanke, kuma linzami yana tafiya da nauyi.

Yankewar daga talabijin take, tana faɗaɗa hoto ta cinye gefe. Shiga saitin girman hoto da rimot ka zaɓi wanda ke nuna shi yadda ya zo. LG tana kiransa Just Scan, Samsung kuma Fit to Screen ko Screen Fit. Nauyin linzami yawanci a talabijin mai 4K ake ganinsa, domin Pi 4 tana tura 4K sau 30 a daƙiƙa sai an buɗe mata 60 da layin hdmi_enable_4kp60=1 a config.txt, wanda sabon tsari bai kashe shi ba, shi ma a HDMI0 kaɗai. Don nuna farashi ko jadawalin salla, sauke shi zuwa 1920x1080 ka huta.

A shagona take, tana aiki da safe, in an jima fuskar ta mutu. Wani lokaci kuma in an kunna da asuba ba ta kawo hoto.

Hajiya, abu uku ne za a duba. In bayan minti goma daidai take mutuwa kuma taɓa linzami yana dawo da ita, barcin fuska ne, a kashe shi a raspi-config, manhajar saitin Pi, ƙarƙashin saitin nuni. In ranar da aka kunna komai daga makunni ɗaya ne take ƙi, talabijin ce ke nawar farkawa, Pi ta riga ta tambaya ba a amsa ba. Harafin D ɗin nan shi ne maganinsa.

Na uku zafi. Pi da aka manna a bayan talabijin cikin rufaffen akwati, a shagon da ake kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, lokacin salla ko hutun rana, a bazarar Makka da ke haura digiri 40, tana shan wuya. Tana fara rage gudunta daga digiri 80, ta ƙara matsawa a 85. Wannan bai cika kashe hoto kai tsaye ba, sai dai bidiyo ya riƙa sarƙewa, kuma cajar da ta yi zafi ita ma ƙarfinta yana raguwa. A buga vcgencmd measure_temp da tsakar rana a gani. In ya kusa 80, a sa mata ƙarfen shan zafi da 'yar fanka, a kuma janye ta daga saman talabijin inda iska mai zafi ke fitowa, a maido ta ƙasa ko gefe.